Inda Kawu Yake Kwana

Mun tashi da asuba, asubar agogo, domin a Guangzhou babu ladanin da zai tashe ka sai ƙarar wayar Baba. Muka yi salla, Umma ta sake leƙa kicin ta tabbatar ta kashe gas, sannan muka sauko da akwatuna uku muka tsaya a bakin titin Xiaobei muna jiran tasi. Masu gasa nama na ƙarƙashin gada sun kwashe kayansu, sun bar ƙaurin hayaƙi kawai. Tutocin wasannin Olamfik da aka jera a jikin fitilun titi suna ta lilo cikin iska mai ɗumi. Ginin Tianxiu, inda ofishin Baba yake, duk tagoginsa duhu in ban da guda biyu can sama.

Mu uku ne, ni da Baba da Umma. Sana'ar Baba sayen kujeru da gadaje yana loda su a kwantena zuwa Kano, irin masu sassaƙa da ruwan zinare ɗin nan da ake jera wa amare, waɗanda a gida ake kira 'yan Italiya alhali nan kusa da mu ake ƙera su. Bana kasuwa ta yi sanyi saboda wasannin. Biza ta yi wuya, 'yan kasuwar Kano da Maraɗi da suka saba cika ofis da hira da shan shayi ba su zo ba. Makarantarmu kuma tana hutu. Shi ne Baba ya ce tunda an samu sarari, a je a cika alkawarin Umma.

Umma tana da ƙane, autansu, wanda ya bar Kano ina 'yar shekara huɗu, ya bi ta sahara har ya faɗa tsibirin Sisili a kudancin Italiya. Shekara tara bai dawo ba. Yana kira, yana aiko da hotuna, kullum yana tsaye gaban wani ƙaton gini mai sassaƙa ya harɗe hannu. Kakata, mahaifiyarsu, ta rasu bara, bai samu zuwa ba. Kwana biyu kafin rasuwarta ta riƙe hannun Umma ta ce, "Yaron nan duk hotunansa a waje yake ɗauka. Ki je ki gano mini inda yake kwana, ki tuƙa masa tuwo da hannunki." Umma ta ce to. Tun daga ranar wannan "to" ɗin take zaune mata a ƙirji.

Saboda haka akwati guda cikin ukun nan babu ko ɗankwali a ciki. Kuka ce, da busasshiyar kuɓewa, da yaji, da daddawar da aka naɗe a leda kan leda don kada ta tona mana asiri a jirgi, sai muciya da aka kwantar a karkace saboda tsawonta. Baba da ya gan ta ya ce, "Hajiya, Turai fa za mu. Suna da cokula." Umma ta ce, "Alhaji, in ka taɓa cin tuwon cokali ka faɗa mini." Baba ya rufe akwatin.

Sau biyu muka canja jirgi. A kowane filin jirgi talabijin wasannin take nunawa, mutane sun taru suna kallon masu ninƙaya. Na yi ta mamakin yadda duk duniya ta juya tana kallon ƙasar da muka baro, mu kuma mun ba ta baya. Da muka kusa sauka Kataniya na hango wani dutse baƙi ƙato, hayaƙi siriri yana fita daga kansa. Na nuna wa Umma. Ta duba, ta yi addu'a, ta gyara mayafi, ta tambaye ni ko idonta ya nuna ta yi kuka. Na ce a'a, amma ya nuna.

Ni na fara gane Kawu, don kunnuwansa irin na Umma ne, sun ɗan buɗe. Ya fi na cikin hoto rama, ya fi shi duhu. Ya zo ya durƙusa a gaban Baba a tsakiyar filin jirgi, Turawa suna kauce masa da akwatuna. Ya juya wajen Umma ya ce, "Yaya." Umma ta ce, "Auta, ka ganka kuwa," ta kama kafaɗar kwat ɗinsa tana kakkaɓe ƙurar da babu. Sun daɗe a haka. Daga nan ya dube ni.

Sunan kakata aka sa mini, don haka a gidanmu babu mai kiran sunana. Umma Mami take ce mini. Kawu ya sunkuyo har fuskarsa ta zo daidai tawa, ya ce, "Mamana ce wannan? Mama, kin zo ganin ɗanki?" Na ɓoye rabin fuskata a bayan Umma na gyaɗa kai. Ni dama magana ba ta cika fito mini a gaban wanda ban saba da shi ba, ko a aji sai malama ta kira ni sau biyu.

A nan muka yi kuskuren da sai Bahaushe zai yi. Ba mu tanadi masauki ba. Wanda ya shirya mana tikiti a Tianxiu ya rubuta sunan wani otal a takardun biza, ya ce a tabbatar da shi, Umma ta ce ba za a ji a Kano ta je garin ƙaninta ta kwana a otal ba, zagi ne gare shi. A wurinmu maganar a rufe take. Don haka da muka shiga mota Baba ya ce, "To, gida ko?" Na ga bayan wuyan Kawu ya sandare. Ya ce ai fenti ake yi a gidan, warin ba zai bar Yaya ta yi barci ba, ya kama mana ɗaki a wani gari mai suna Noto, gobe ko jibi sai mu ƙarasa. Umma ta ce, "Fenti ai ba ya kisa." Ya yi dariya ya kunna rediyo.

Hanyar mai kyau ce, ba cunkoso. Ta hagu teku, ta dama tuddai masu busasshiyar ciyawa ruwan ƙasa, an raba gonaki da katangun duwatsu da aka ɗora kan juna ba siminti. Itatuwan zaitun gajeru ne masu murɗaɗɗen jiki kamar tsofaffin da suka sha noma. Bayan shekara biyar a Guangzhou, inda sararin sama kullum kamar an shafa masa toka, idona sai da ya yi ruwa saboda shuɗin nan.

Ina zaune a baya, kuma wanda ba ya magana yana samun lokacin kallo. Kwat ɗin Kawu yana da layin ninki a bayansa, irin na kayan da aka ciro daga leda ranar. A madubin motar an rataya carbin Kirista mai ƙaramin gicciye. Da muka tsaya shan mai sai da ya lalubi wuri uku kafin ya gano abin buɗe tanki. Motar kuma wani ƙamshi take yi mai kaifi, ɗanye, wanda na sani amma na kasa tuna inda na san shi.

Noto muka shiga da la'asar sakaliya, kuma ban san yadda zan kwatanta muku ita ba sai dai in ce gari ne da aka gina da dutse mai launin zuma. Rana tana faɗuwa, bangon duk ya yi ja-ja kamar ƙosan da ya kusa isa tsamewa. Kawu ya ce fiye da shekara ɗari uku da suka wuce girgizar ƙasa ta rushe garuruwan yankin, mutanen suka sake gina su gaba ɗaya, kuma da yake sun ga mutuwa da idonsu sai suka ƙi barin ko kusurwa ɗaya ba ado. Salon ginin sunansa barok. Babu layi miƙaƙƙe in za a iya lanƙwasa shi. Kan kowace taga an murɗa dutse kamar gashin da aka nannaɗe, an yi ganye, an yi kunnen kifi, an yi fure. A ƙarƙashin baranda an sassaƙa dawakai da zakuna da fuskokin mutane suna ɗauke da ita a ka, wani ya buɗe baki kamar nauyin ya ishe shi, wani yana gwalo. Umma ta ce, "A'uzu billahi, su kuma waɗannan me suka yi aka ɗora musu?" Amma ta daɗe tana kallo.

Baba ne abin dariya. Ya tsaya a gaban wata ƙofa ya cire tabarau ya mayar, ya ce, "Hajiya, zo ki ga kan gadon da na aika wa mutumin Fagge. Wallahi shi ne, har wannan 'yar murɗar." Shekara da shekaru yana sayar da wannan lanƙwasa bai taɓa sanin daga jikin gini aka kwafo ta ba. Daga ranar ya zama duk inda muka bi sai ya gano kujerarsa a bango. Ya riƙa shafa dutsen da tafin hannu yadda yake shafa katako a masana'anta, yana girgiza kai yana cewa masu masana'antunsu na can Sin sun yi ƙoƙari amma da saura.

Washegari da safe Kawu ya kai mu muka karya da abin da suke kira giranita, ƙanƙara ce da aka niƙa lukwi da madarar almon, ana tsoma burodi mai laushi a ciki. Ƙanƙara da sassafe, Umma ta ce mutanen nan ba sa tsoron mura. Kuɗin kofi ɗaya zai saya maka kwanon taliya biyu har da ƙwai a Xiaobei. Da matar shagon ta miƙo mini nawa sai na ji bakina ya ce "she-she", godiyar Sinanci, ta dube ni, ta dubi hijabina, ta yi murmushin wanda ya rasa inda zai ajiye mutum. Baba kuma a wani shagon tsaraba ya zaro kalkuleta daga aljihu, ya danna rabin kuɗin da aka faɗa ya miƙa wa mai shagon, yadda ake ciniki a kasuwar Zhanxi Lu ta Guangzhou. Tsohon ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya ce tana da kyau, ya mayar masa.

Da azahar garin ya mutu. Kowa ya ja ƙofarsa ya rufe, har mai sayar da ruwa, ba a sake buɗewa ba sai bayan la'asar. Baba ya kasa yarda. Ya ce a Guangzhou mutum yana cin abinci da hannu ɗaya yana ba da canji da ɗayan. Muka koma masauki muka yi salla, Umma ta buɗe akwatin kuka ta duba, ta rufe.

Rana ta biyu Modika. Gari ne da aka zuba a cikin kwari, gidaje sun hau kan juna har saman tudu, hanyoyinsa rabi matakala ne. Na ƙirga matakalar da ke hawa zuwa babbar cocin har na ɓata lissafi saboda wata kyanwa mai ido ɗaya da ta biyo ni. Umma ba ta shiga cocin ba, ta zauna a inuwa tana fifita da taswira. Ni da Baba muka leƙa daga bakin ƙofa. Ciki da sanyi, da ƙamshin kyandir, rufin ya yi nisa, wata tsohuwa ita kaɗai tana goge benci. A garin suna yin cakulan da sukarinsa bai narke ba, yana ƙaras-ƙaras a haƙori. Umma ta ɗanɗana ta ce, "Wannan ai ba su gama ba." Ta sayi guda shida.

Da yamma ta ce, "Auta, fentin ya bushe?" Kawu ya ce ya bushe, sai dai yanzu famfo ne ya lalace, mai gyara sai gobe. Ya faɗa yana kallon agogo. Baba ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa, ni ma na bi idonsa, sai na ga takalmin Kawu yake kallo. Sabo ne fil, baƙi mai tsini. Ko ni na san irinsa, ana jibge su a kwali-kwali a Zhanxi Lu, an buga musu sunan Italiya a ciki. Baba ya ɗauke ido. Da za mu tashi ya riga Kawu zuwa wurin biyan kuɗi, ya ce masa babba ne ke biya in ana tafiya, kada ya yi masa rashin kunya.

Rana ta uku muka hau Ragusa, tsohon ɓangarenta da ke kan wani tudu shi kaɗai, kamar an kifa ƙwarya an jera gidaje a bayanta. A nan na gane ginin da ke cikin hotunan Kawu. Yana kan wani dandali mai gangara da bishiyoyin dabino, ƙofarsa koriya, barandarsa ta baƙin ƙarfe ta kumburo kamar ciki. Kawu ya ce an yi ta haka ne don manyan rigunan matan da su samu wuri. A jikin ƙofar akwai allon tagulla da lokutan buɗewa da rufewa. Umma ba ta karanta rubutun boko sosai, amma ta san ƙofar da ba ta gidan mutum ba. Ta dube ta sau ɗaya ta kawar da kai.

Tun safe ba ta cika magana ba. Kwana biyu ya rage mu koma Kataniya. Na ji ta da asuba tana gaya wa Baba a hankali cewa ba za ta matsa masa ba, namiji ne, in ta tsare shi ta kunyata shi a gaban mijinta, ƙila kiran wayar ma ya daina. Amma kuma me za ta ce ta yi da maganar Inna, wato kakata? Baba ya ce ta yi haƙuri a ga abin da Allah zai yi.

A ƙarshen garin akwai lambu mai benci da ke kallon kwari. Baba da Umma suka tafi neman wurin alwala, aka bar ni da Kawu. Ya sayo mini ƙwallon shinkafa soyayye mai cuku a ciki, ya zauna yana ɓare mini takardar. Sai na ga hannunsa da kyau. Gefen faratansa da layukan tafinsa duk sun rine, baƙi-baƙi kore-kore, irin rinin da sabulu ba ya fitarwa. Nan take na tuna ƙamshin motar. Ganyen tumatir ne. Kakata tana da 'yan shukoki a bayan ɗakinta a Kano, in na taɓa su haka hannuna yake yi.

Na shirya maganar sau uku tana komawa. Sai da ya ce, "Mamana, ba kya ci?" sannan na samu bakin zaren.

Na ce, "Kawu, da gaske ni mamanka ce, ko wasa ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Wa zai yi wasa da wannan suna? Ke ce mana."

Na ce, "To kwana uku kana ajiye mamanka a otal."

Dariyar ta tsaya. Na so ƙasa ta buɗe in shige, amma na riga na fara. Ina kallon ƙwallon shinkafar na ce, "Ni ina son tumatir. Kuma ɗakinmu na farko a Guangzhou, in Baba ya shimfiɗa darduma sai an ɗaga tebur an ɗora kan gado."

Kawu ya dubi kwarin. Ƙararrawar coci ta buga, tattabaru suka tashi suka dawo. Ya sa bayan hannu ya goge fuska, ya ce, "Haka Inna take yi. Ba ta ɗaga murya, sai ta faɗi abu ɗaya ka rasa inda za ka sa kanka." Da su Umma suka dawo ya miƙe tsaye ya ce, "Yaya, a ɗauko akwatin nan. Mama ta ce a tafi gida."

Umma ta dube ni. Na dubi takalmina.

Daga Ragusa hanya gangarawa take yi zuwa teku. Gine-ginen zuma suka ƙare, katangun duwatsu suka ƙare, sai ga rumfunan leda farare sun shimfiɗu iyakar ganin ido, suna ƙyalli kamar ruwa. A cikinsu ake noman tumatir da yalo da tattasai. Kawu ya tsayar da motar a gaban wani gida, ya shiga ya gaida wata tsohuwa mai baƙar riga, matar mai gonar, wadda ta ara masa motar. Ta fito ta kama kumatuna da hannu biyu tana ta magana, Kawu ya ce cewa take yi ya daɗe yana ba ta labarin zuwanmu har ta gaji. Daga nan muka taka da ƙafa ta tsakanin rumfuna, zafi yana fitowa daga ledar kamar numfashin tanda, Baba yana jan akwatin kuka a cikin ƙura.

Ɗaki ɗaya ne na bulo a bayan ma'ajiyar kwanduna, rufin kwano. Gadaje biyu, ɗaya nasa, ɗaya na abokin aikinsa, wani dattijo Bahaushen Kumasi mai farin gemu. An share ƙasa tas. Akwai risho mai kai biyu, da tukwane uku a jere bisa girmansu, da darduma a ninke kan ƙusa. A saman gadonsa ya manna hoton kakata, wanda aka ɗauka ranar sunana, tana riƙe da ni. Babu fenti, famfon kuma a waje yake, lafiyarsa ƙalau.

Umma ta cire takalmi ta shiga da sallama. Ta zauna a bakin gadon, ta danna katifar da hannu, ta ɗaga bargon ta duba kaurinsa, ta tambayi ko rufin yana yoyo da damina, ta tambayi ta ina alƙibla take. Kawu yana tsaye a bakin ƙofa kamar ɗalibin da ake duba littafinsa. Da ta gama ta ce, "Wannan ne kake ɓoyewa? Na zaci gidan giya kake kwana." Dattijon ya fashe da dariya ya ce, "Hajiya, na gaya mishi. Na ce kai, 'yar'uwarka ce za ta zo, ba sufeto ba."

Ta ɗaura zani a kan doguwar rigarta ta ce a ba ta babbar tukunya. Garin masara suke da shi, rawaya, mai ɗan tsakuwa, ta murza shi a yatsa ta ce zai yi. Dattijon ya hau keke ya dawo da naman rago daga wurin wani mahauci ɗan Tunisiya. Ni aka ba tankaɗen kuka. Da daddawa ta faɗa tukunya ƙamshin ya cika ɗakin ya fita waje, sai na ga Kawu ya juya ya fita ya tsaya a bayan ma'ajiyar. Umma ba ta ɗago ba, ta ce mini, "Bar shi." Tana tuƙi, muciya tana buga gindin tukunya, hawaye yana sauka ta gefen hancinta, tana gogewa da kafaɗa don hannuwan duka suna aiki.

A waje muka ci, kan tabarmar leda, rana ta kusa faɗuwa a bayan rumfunan. Baba ya naɗe hannun riga ya zauna da su a kwano ɗaya. Kawu ya ci malmala uku. Sai da ya suɗe yatsu ya ce, "Gishirin ya ɗan yi kasa da na Inna." Umma ta ce, "Shekara tara ba ka ci ba, ka samu bakin gyara." Baba ya tambaye shi yadda ake ɗaure tumatir ya hau igiya, Kawu ya tashi ya kai shi cikin rumfa yana nuna masa, muryarsa ta buɗe, hannuwansa suna ta bayani. A kwana ukun da ya yi yana ba mu tarihin gine-gine ban ji ya yi magana da daɗi haka ba.

Da suka dawo ya tsuguna kusa da Umma tana wanke tukunya, ya ce, "Yaya, me za ki gaya musu a gida?"

Ta ce, "Abin da na gani."

Ya miƙa mata murfin tukunyar.

Ta ce, "In kana so su ji ƙarya, kai ka kira ka yi musu. Ni Inna ce ta aiko ni."

Ranar ni da Umma muka kwana a gadon Kawu, mazan suka shimfiɗa tabarma a ma'ajiyar kwanduna. Katifar ta lotsa a tsakiya, muka yi ta gangarowa kan juna. Umma ta yi barcin da ban ga ta yi ba tun da muka baro gida.

Rana ta ƙarshe ta faɗo Lahadi, babu aiki, muka tafi wani ƙaramin gari mai suna Shikili har da dattijon. Kawu ya bar kwat a gida ya sa rigarsa ta kullum da silifa. Can ma akwai fuskokin dutse masu zare ido a saman tagogi, dattijon ya ce ɗaya ta yi kama da mai gonarsu ranar da ƙanƙara ta fasa leda. Muka ɗauki hoto a gaban wata ƙofa mai sassaƙa, don kyanta ya isa a ɗauka. A filin jirgi Kawu ya sake durƙusawa, wannan karon a gabana, ya ce, "Mama, a sa mini albarka." Mutane suna kallo, kunya kamar ta kashe ni. Na ɗora hannu a kansa na ce Allah ya yi albarka, a hankali yadda shi kaɗai zai ji.

Mun sauka Guangzhou ana ruwan sama, an gama wasannin, ana kwance tutoci. Mai gadin gidanmu ya tambaye ni da Sinanci ko mun je kallon wasa ne, na ce a'a, mun je ganin ɗan'uwa. Ko akwati ba mu buɗe ba wayar Umma ta yi ƙara, yayarsu ce daga Kano, ina jin muryarta daga inda nake: hawa nawa ne gidan, da gaske akwai zakuna a ƙofa?

Umma ta zauna a kan akwati ta ce, "Ɗaki ɗaya ne, Yaya. A share yake. Yana da bargo mai kauri, yana da dattijon kirki a kusa da shi, ya san alƙibla. Noma yake yi, da hannunsa. Ya ci malmala uku." Can ɓangaren na ji an ce alhamdu lillahi, an sake cewa.

Na ga garuruwa huɗu da aka sassaƙa kamar kayan lefe, kuma zan so in sake ganinsu in na girma. Amma abin da na koyo a tafiyar nan a kan benci na koye shi: mutum yana iya shekara tara yana tsoron idon 'yan'uwansa, alhali su bargonsa kawai suke son dubawa. Na kuma koyi cewa mai kunya ma wata rana maganar tana faɗowa a kansa, in bai faɗa ba babu mai faɗa.

Da Umma ta ajiye wayar ta ɗaga hannu ta karanta wa kakata Fatiha. Ta shafa, ta dube ni ta ce, "Mami, na sauke."